Jan Zare a Dosiyen Salmanu

Garwa, azumi goma sha uku, shekarar da rana ta yi husufi. Ɗanmalam ya ce a boko 10 ga Oktoba, 1973 ne.

Zuwa ga 'yata Albertine, ɗiyar marigayi Gaston, a ofishin tsofaffin sojoji na Yawunde.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da maigidanki da yara. Ni ne babanki Kaforal Iliyasu, shef ɗin ofis, wato babbansa, a dispansar, ɗan asibitin tsofaffin sojoji, inda kika bar ni. Alƙalami na Ɗanmalam ne, mai rubuta wasiƙa a bakin fosta, amma baki nawa ne. Na ce masa ya rubuta yadda na faɗa, ban da ƙarin gishiri.

Mu nan lafiya, sai zafi da ƙishirwar azumi. Kogin Binuwai bai cika ba bana, yashi ya fito a tsakiyarsa tun kafin damina ta ɗauke.

Ga abin da ya sa na tashe ki. Kin san Salmanu da wansa Jibril, na ƙauyen nan da ke can bayan Gashiga, waɗanda muka ƙetare hamada da su tare da mahaifinki a yaƙin Jamus. Salmanu shi ne mai ɓarɓashin ƙarfen yaƙi a cinyar hagu, wanda kike cewa yana tafiya kamar mai auna gona. To, ranar Asabar ɗin da rana ta yi husufi, gari ya dushe da tsakar rana har kaji suka nufi akurki, ranar ce aka kawo mana labarin ya rasu. Aka cire dosiyensa, wato takardunsa na asibiti, daga kabad, aka buga masa hatimi, aka aiko muku da shi cikin na mamata. Alhamis ɗin da ta biyo baya, ranar da tsofaffi ke cika benci, ni da bakina na sanar, aka shafa fatiha.

Shekaranjiya Litinin da hantsi, ina tsaye a bakin ƙofa ina kiran sunaye, sai ga jaki ya shigo, mace na ja, mutum a kai. Bilya mai kunne ɗaya ne ya fara ganinsa. Ya yar da sandarsa ya yi bayan rijiya da gudu, mutumin da na yi shekara goma ban ga ya ɗaga ƙafa da sauri ba. Daga can ya leƙo ya ce, "Salmanu! Kai ba ka mutu ba?" Salmanu ya ce, "In na mutu, Bilya, ai ba dispansar zan zo ba. Zo ka kama ni in sauka."

Ashe Jibril ne ya rasu. Damina ta yanke hanyarsu, shi ya sa wata uku ba wanda ya zo ya warware mana.

Sun yi dariya, ni ban yi ba, don na ga ƙafar. Ƙarfen ya motsa bayan shekara talatin. Cinyar ta kumbura ta yi kamar turmi, tana ruwa, tana wari. Likita ya duba ya ce aikin ya fi ƙarfin Garwa, sai an sa shi a jirgin soja da ke tashi duk Alhamis a kai shi babban asibiti. Jirgin kuwa ba ya ɗaukar mutum sai da dosiye, dosiyen kuma yana wurinku, an rubuta mai shi ya mutu.

Ke kin san aikina. Shekara ashirin da uku ina riƙe da mabuɗin kabad ɗin nan. Ban san baƙi ko ɗaya na boko ba, amma mutum ɗari huɗu da 'yan kai, kowa na san dosiyensa da zaren da na ɗaura masa: fari ga mai ɗan dama, baƙi ga mai ƙarfe a jiki, shuɗi ga mai ciwon ƙirji, ja ga wanda ya riga mu. Ban taɓa miƙa wa likita dosiyen wani a madadin wani ba. Amma tun da kika tafi aka kawo mana sabon sakatare, wani Célestin, ɗan kudu, mai son a jera mutane bisa haruffa, a, be, se, kamar 'yan makaranta. Shi ya buga takardar, sa hannun da ke kai nasa ne. Ranar kuma kowa ya ruɗe da kallon sama.

Ki nemo dosiyen nan ki maido mana, 'yata. Ƙafar ba za ta jira ba.

Ki gaida maigidanki. Allah ya yi miki albarka.

Babanki, Kaforal Iliyasu.

*

Yawunde, 22 ga Oktoba, 1973.

Zuwa ga Babana Kaforal Iliyasu.

Gaisuwa da ladabi, da fatan ana shan ruwa lafiya. Wasiƙarka ta iso ranar Juma'a. Na yi dariyar Baba Bilya, daga baya na koma bayan kabad na yi kuka, don na tuna Baba Salmanu yana kawo mini gyaɗa a aljihun tsohuwar rigarsa ta soja.

Baba, nan ba kamar wurinmu ba ne. Dosiyen mamata a ɗakin ƙasa ake tara su, daga ko'ina cikin ƙasar, ɗauri-ɗauri, ba a jera ba. Na roƙi mai mabuɗi yana buɗe mini a lokacin hutun rana, ina dubawa ɗaya bayan ɗaya. Zan same shi. Amma samun sa bai isa ba. Na tambayi shef ɗinmu, ya ce ba a maido mutum daga cikin mamata sai da takarda uku. Ta farko, shaidar jauro, mai garin ƙauyensu, cewa yana raye, da hatimin sufurefe, jami'in gwamnati na yankin. Ta biyu, takardar likita a kan ƙafar. Ta uku, bayanin wanda ya yi kuskuren, ya faɗi yadda aka yi, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Ya ce in babu ta ukun kada ma in kawo masa maganar, don an sha kama masu tayar da matattu na ƙarya.

Akwai abin da ya kamata ka sani. Célestin bai cika shekara ba, ba a tabbatar da shi a aiki ba tukuna. In shi ya sa hannu a wannan bayanin, sallamar sa za a yi. In kuwa tsohon ma'aikaci ne, abin da za a yi shi ne a ce ya ajiye mabuɗi ya je ya huta.

Ina da tambaya ɗaya, ka yi haƙuri da ni. An ce mini Célestin Hausarsa ta sayen tumatir ce, Fulatanci kuwa ko gaisuwar "jam na" bai iya amsawa ba. To wa ya yi magana da wanda ya kawo labarin rasuwar?

Da zarar takardun nan uku sun shigo hannuna, mako uku sun ishe ni. Don Allah kada a ɓata ko kwana ɗaya.

Maigidana da yara suna gaishe ka. A yi salla lafiya.

'Yarka, Albertine.

*

Garwa, kwana shida bayan ƙaramar salla. 2 ga Nuwamba.

Zuwa ga 'yata Albertine.

Bayan gaisuwa, wasiƙarki ta same ni ranar jajibere. Mun yi salla lafiya, sai dai bana ba a ga tuwon kirki a gidan kowa ba.

Ga takarda biyu nan na haɗo miki, ta jauro da ta likita. Ni da kaina na hau motar kasuwa har ƙauyen, na kwana biyu a ƙofar sufurefe kafin a buga hatimi. Ta ukun ce babu. Na ajiye wa Célestin farar takarda a gabansa, ya dube ni kawai, bai sa hannu ba. Ban taɓa ganin taurin kai irin na yaran nan ba.

Sai na yi wata dabara. Dosiyen Jibril ai yana nan a kabad da farin zarensa, a wurin hukuma yana raye. Uwa ɗaya uba ɗaya, hoton ciki kuma tun na samartaka ne, ya koɗe. Wa zai gane a bakin jirgi? Na je na sami Salmanu. Sai na gaya miki, wannan ce maganarmu ta farko ni da shi cikin shekara shida, saboda wani saɓani da bai shafe ki ba. Na ce, "Alhamis za a kira Jibril a filin jirgi, kai kuwa sai ka amsa firezan, ga ni."

Ya ce, "Maimaita."

Na maimaita.

Ya ce, "Iliyasu, tun da aka haife ni ban taɓa kiran sunan Yaya da bakina ba, yau sai in amsa shi? Yana kwance ko wata biyar bai yi ba, in sa sunansa kamar rigar aro? In kuma na mutu a ƙarƙashin wuƙarsu, wa za su ce ya mutu? Yaya ya mutu sau biyu, ni kuwa ko sau ɗaya ban mutu daidai ba?"

Na ce ƙafarka ce za ta tafi. Ya ce ta tafi da sunanta. Na ce kai dai tun a hamada jaki ne kai. Ya ce jakin da ya kawo shi Garwa ya fi wasu kaforal amfani. Matarsa Hansai na gefe tana fifita masa ƙuda, ta ja mayafi ta rufe baki.

Dispansar ba ta da gadon da za ta ba wanda babu shi a kabad, don haka na ɗauko shi na kawo zaurena. Likita mutumin kirki ne, yana biyowa bayan an tashi ya wanke ciwon ya yi masa allura, ba ya rubutawa. Amma ya ja ni waje ya ce ƙafar ta fara ruɓewa, baƙin yana hawa sama. Zazzaɓi na zuwa masa kullum bayan azahar.

'Yata, ke kina cikinsu, kin san ƙofofin. A ce takarda biyu ba su isa a gane mutum na numfashi ba? Ki sami shef ɗin nan naku ki ce Kaforal Iliyasu na Garwa ne ya ce, mai lambar yabo biyu. Ki san yadda za ki yi.

Allah ya tsare ki.

Babanki, Kaforal Iliyasu.

*

Yawunde, 14 ga Nuwamba, 1973.

Malam Ɗanmalam, don Allah ka ja Baba gefe kafin ka karanta masa wannan.

Baba, ina gaisuwa. Takardu biyu sun iso. Na kai wa shef, na faɗi sunanka da lambobinka. Ya ce ya gaishe ka, kuma yana jiran ta uku.

Jiya na sami dosiyen, a ɗauri na sittin da wani abu. Ban gane shi da suna ba, da zare na gane shi. Jan zare ne, an naɗa sau uku, an ƙulla ta hagu, an ƙona bakinsa da ashana. Baba, shekara bakwai na yi a teburin da ke kusa da naka. Ka bar ni na ɗaura fari, na ɗaura baƙi da shuɗi. Jan yana cikin aljihunka na ƙirji, ba ka taɓa barin kowa ya taɓa shi ba, ka ce wanda bai ga mutum a raye a fagen fama ba bai isa ya rufe shi ba.

Ba ka amsa tambayata ba, ga wata kuma. Tun ina yarinya a gidanka ban taɓa ganin an ce tsohon soja ya rasu ka kwana uku ba ka je gaisuwa ba. Ka je Banyo a bayan babbar mota, ka je Kuseri da ciwon baya. Bayan Gashiga fa? Ranar husufi hanya ba ta yanke ba tukuna, tunda mai kawo labari ya iso. Da ka je, da ka tarar da shi zaune a kan tabarma yana karɓar gaisuwa.

Kai ka riƙe ni da mahaifina ya rasu, ba ni da bakin yi maka faɗa. Amma duk Alhamis ina jin ƙarar jirgin nan yana sauka.

'Yarka mai biyayya, Albertine.

*

Garwa, Litinin, 26 ga Nuwamba.

'Yata Albertine.

Gaisuwa. Ɗanmalam ya ja ni gefe kamar yadda kika ce. Yau kuwa na ce ba gefen da za mu je. Muna nan a bakin fosta, masu jiran layi na ji, su ji.

Wasiƙarki ta kwana shida a aljihuna, tare da zaren. Ni ne.

A wasiƙata ta farko ban yi miki ƙarya ko ɗaya ba, na dai jera gaskiya yadda za ta ba ki ƙarya, ina kuma azumi. Ga yadda aka yi. Ranar husufin, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, Hansai matar Salmanu ta shigo ofis a lulluɓe, ido ya kumbura, tana rungume da sandar hammata. Kin san ƙa'idarmu, in tsoho ya rasu ana maido abin da dispansar ta ara masa. Na dubi sandar, ga tabo uku da na yi mata da ƙusa mai zafi. Ita ce na ba Salmanu da hannuna shekara takwas da suka wuce. Ta durƙusa ta ce, "Baba Kaforal, an yi mana rashi, an ce in maido wannan." Sai kuka.

Célestin ya ɗago daga tafireta ya ce, "Shef, a tambaye ta suna."

Na juya, a gaban planto biyu, masinjojinmu, da mai shara, na ce, "Kai ɗan kudu, a garinku mace na kiran sunan mijinta a bainar jama'a? Ga matar, ga sandar, wane suna kuma kake nema? Na san mutanen nan tun uwarka ba ta yi aure ba." Suka yi masa dariya, ya sunkuyar da kai. Na ciro dosiyen na ɗaura ja, na faɗa masa sunan ya buga. Kafin ya gama gari ya fara dushewa, kowa ya yi waje.

Ashe tun bara Salmanu ya ba wansa sandar da ƙafafun Jibril suka kumbura, shi ya saro wata a daji. Da Jibril ya rasu ya ce ba zai iya sa hammatarsa inda ta wansa ta goge ba, a mayar. Maza na zaman makoki, sai aka aiko Hansai a motar kasuwa. Ita kuma ba ta kiran sunan wan mijinta kamar yadda ba ta kiran na mijin. Da na ce mata "babba ko ƙarami?" da ta amsa. Kuma ni da na yi wa Célestin gorin al'ada, ni ne na manta cewa matar da mijinta ya rasu shekaranjiya ba ta hawa mota ta zo Garwa. Tana ɗaka tana takaba. Ba wanda bai san wannan ba a ƙasar nan.

Tambayarki ta biyu. Na ce saɓaninmu bai shafe ki ba. Ya shafe ki. Shekara shida da suka wuce, ranar bikin tsofaffin sojoji, ina ba da labarin yadda na goya mahaifinki a hamada, sai Salmanu ya miƙe a gaban kowa ya ce, "Iliyasu, ji tsoron Allah." Daga ranar na daina gaishe shi. Da aka ce ya rasu, na ji kunyar shiga gidan mutumin da ya tafi muna gaba, shi ya sa ban je ba.

Shi ne mai gaskiya. Harsashi ya sami Gaston a ƙugu, rijiya kuma na da nisan wuni. Salmanu ne ya goya shi tun hantsi har la'asar sakaliya, da ƙarfen nan a cinyarsa, kwanansa biyu da shiga a lokacin. Na karɓe shi sau ɗaya, ban kai nisan fosta zuwa kasuwa ba na sauke. Ni bindigogi na ɗauka, guda uku, da gorar ruwa. Da mahaifinki ya rasu kina shekara biyar, kika riƙe mini riga kina kuka kina tambaya ko ni ma na san shi, sai na ce ai ni na goya shi. Don ki yi shiru na faɗa. Daga nan labarin ya zauna a bakina, har nakan ji nauyin Gaston a bayana in ina ba da shi.

Jiya da la'asar na zauna a gefen tabarmar Salmanu na gaya masa maganar zaren. Ya ce, "Ai na sani tun ranar da na sauka daga jaki. Wa ke taɓa jan zare in ba kai ba?" Na ce to me ya hana ka faɗa? Ya ce, "Na faɗa maka gaskiya sau ɗaya, ka yi shekara shida ba ka gaishe ni ba. Ina da wata shekara shidan?"

Yau da safe na tara ma'aikatana duka huɗu, na ba Célestin haƙuri a inda na ci masa fuska. Shi ya buga bayanin. Da ya fassara mini sai na ji ya rubuta wai an samu ruɗani ranar husufi. Na ce cire takardar, rana ba ta ɗaura zare ba, sa sunana. Ga shi nan na dangwala, yatsa ya fito sarai.

Baƙin ya wuce tsakiyar cinya. Ki yi sauri, 'yata, saurin da ni ban yi ba. In kin ga dama ki ci gaba da ce mini Baba.

Iliyasu.

*

Yawunde, 12 ga Disamba, 1973.

Babana.

Gaisuwa da ladabi. A tsaye nake rubutawa, mai kai wasiƙu na jira. Shef ya sa hannu yau da safe. Na tsaya a kansa har ya buga hatimi, na yanke jan zaren da almakashina, na ɗaura baƙi yadda ka koya mini. Dosiyen zai iso muku ranar Laraba 19 ga wata a jakar hukuma, an kuma rubuta sunan Baba Salmanu a jirgin Alhamis 20 ga wata. Ni da maigidana za mu tarye shi a filin jirgi. Na gyara wa Inna Hansai ɗaki.

Maganar hamada na karanta ta sau da yawa. Ban san abin da zan ce ba tukuna. Abin da na sani, wani ya goya mahaifina wuni ɗaya, wani ya goya ni shekara goma sha biyar. Ka ce wa Baba Salmanu ya riƙe ƙafar nan da kyau, ina da tambayoyi da yawa da zan yi masa.

'Yarka har kullum, Albertine.

*

Garwa, Laraba, 19 ga Disamba.

'Yata Albertine.

Gaisuwa. Kada ku je filin jirgi.

Salmanu ya rasu jiya Talata bayan azahar, a zaurena, kansa a kan cinyata. Mun kai shi kafin magariba. Tsofaffi sun zo da yawa, Bilya ne ya shiga ramin ya karɓe shi. Célestin ma ya biyo mu, ya tsaya daga nesa da hularsa a hannu.

Wasiƙarki ta riske shi ranar Litinin, an karanta masa. Da aka zo wurin zaren ya ce, "To, na tashi ke nan." Ya ce a gaya miki mahaifinki ba shi da nauyi, surutu ne da shi, tun hantsi har la'asar yana yi masa waƙar garinsu a kunne. Jiya kuma kafin bakinsa ya rufe ya dube ni ya ce, "Kaforal, bindiga uku ma kaya ne."

Dosiyen ya iso yau da hantsi, kamar yadda kika ce. Ƙullinki ya yi kyau.

Kin ce mako uku sun ishe ki, kin kuma cika. Ni na lissafa nawa. Daga ranar da kika ce a kawo takarda ta uku zuwa ranar da na dangwala, jirgi huɗu ya tashi. Likita ya ce kwana ne ya ƙare, Liman ma haka ya ce. Na yarda. Amma huɗun nan ni na san su.

An kai Hansai gida da safen nan, can za ta yi takaba. An ce in ajiye mabuɗi ƙarshen wata. Ba zan jira har lokacin ba.

Ki gaida maigidanki da yara, ki yafe mini wahalar ɗakin ƙasa. Allah ya yi miki albarka.

Gobe Alhamis, benci zai cika. In Allah ya kai mu, da sassafe zan buɗe kabad in ciro dosiye biyu, na Jibril da na Salmanu. Zan ce wa Célestin ya karanta mini sunan da ke kan kowanne da ƙarfi, sau biyu, kafin in ɗaura. Sannan in fita bakin ƙofa in sanar da rasuwar Salmanu karo na biyu, in gaya wa tsofaffi wanda ya goya Gaston da wanda ya ɗauki bindigogi. In na gama zan ba Célestin mabuɗi da sauran jan zaren, in je tasha in hau motar Gashiga. Akwai gaisuwar da ban je ba tun ranar husufi, yanzu ta zama biyu.

Babanki, Iliyasu.